Layar Wuyan Hajaratu

Jidda, Maris 1977

Yaya Rabo,

Bayan gaisuwa, ya Inna da yara? Mu lafiya lau, sai dai matata Hajaratu ko ƙofar gida ba ta leƙawa don tsoron askarawa. Har yau ba ta da takardar zama.

Ka san a goye aka kawo ta daga Sabuwa. Ashe takardar shigowarta ce marigayi mahaifinta ya ɗinke a fata ya rataya mata. Na ɗauka laya ce, na yi faɗa, na ƙone ta. Bana gwaggonta ta gaya mini.

Don Allah ka roƙi Maigarinsu ya rubuto shaidar haihuwarta. Allah ya saka.

Ba ta taɓa yi mini gori ba, Yaya. Hannunta ne dai yakan koma wuyanta.

Ƙaninka,
Almu