Baƙin da Suka Tarar da Tabarmi Babu Kowa

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gajiya? Ya maigida da yara, ya ƙafar taki? Mu nan Gesse lafiya lau, sai dai jiki ya yi laushi.

Har yanzu ina taya Maman Ladi aiki a cibiyarta ta Nassarawa, inda manya masu lalurar ƙwaƙwalwa ke wuni suna koyon saƙar tabarma. Ran Talata ma'aikatan gwamnati suka zo dubawa, don in ba takardar izini, rufe mu za a yi. Kwana uku muna shara da goge-goge. Ni har na tsara abin a raina kamar a littafi: jami'a ta shigo, ta ga Bala, wan mijina, yana saƙa, ta share ƙwalla, ta sa hannu.

Kuskurenmu shi ne mun sanar da iyaye za a yi baƙi. Cikin mutum goma sha huɗu, uku suka zo. Sauran an ɓoye su a gida, yadda aka saba. Surukata ma Argungu ta tafi da Bala. Da na yi mata waya ta ce, "Haba ɗiyata, wa ka hidda irin Bala gaban manyan mutane?"

Da jami'ar ta ga mutum uku kacal, ba ta sa hannu ba, ta ce sai ta dawo wata mai zuwa. Wannan karon ba wanda za mu gaya wa.

Jiya Bala ya dawo, ya tambaye ni ko baƙin sun ga tabarmarsa. Na ce sun gani.

Ki sa mu a addu'a, Yaya. Ki gaishe da kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Rukayya