Kafur a Cikin Adaka

Talata, 6 ga Agusta, 1968

Matata Ladidi ta sauka, namiji. An yi guɗa. Ni dai idanunsa na fara dubawa, haka na marigayi ɗanmu Abdussamad suke bara, fari tas, kafin su rine.

Juma'a, 9 ga Agusta

Uwata Tsohuwa ta buɗe adakarta ta fito da zannuwan goyo, waɗanda ta naɗe Abdussamad a ciki. Ɗaki ya ɗauki ƙamshin kafur. Na fita, na kasa tsayawa.

Lahadi, 11 ga Agusta

Jariri ya rine kamar garin ɗorawa. Ya ƙi nono. Tsohuwa ta ce mayu ne suka dawo. Na tare motar Malumfashi, sai asibiti.

Litinin, 12 ga Agusta

Likita ya shinshina zanen, ya ce a cire. Da ya ji ni malamin makaranta ne a Ƙarfi, sai ya zaunar da ni. Wai a ƙwayoyin jini akwai wani sinadari mai buɗe wa sukari hanya ya narke, shi ke tsara saurin aikin, daga nan jini ke samun kariya. Na yaron nan kaɗan ne, shi ya sa kafur ke farfasa masa jini. Gado ne ta wajen uwa, maza ya fi kamawa.

Na ce, "To, wansa da ya rasu fa?"

Ya ce, "Malam, bar wannan."

Jinin matata. Zanen uwata. Wa zan faɗa wa?

Alhamis, 15 ga Agusta

An yi masa canjin jini. Ya kama nono.

Asabar, 24 ga Agusta

Mun dawo. Na kwashe kafur ɗin gidan duka na binne a bayan rumbu. Amma ina jin warinsa a aji, a alli, har a masallaci. Na ce wa Tsohuwa zannuwan sun ɓace a asibiti. Ta miƙo hannu za ta karɓi jariri, na ce barci yake. Ta ce, "Manu, me na yi?"

Laraba, 11 ga Satumba

Na dawo na tarar da jariri a bayan Tsohuwa, tana tankaɗe, tana yi masa tawai. Na ɗaga labule da nufin karɓe shi.

Sai na ji kaina ina cewa, "Inna, gyara masa wuya."

Na wuce alwala.