Ƙauyen da Ka Haddace

Assalamu alaikum, ƙanena Abdul'aziz. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da iyali kuna lafiya a ƙauyenku na Ingila.

Tun da ka koma nake haɗiye maganar nan, ta ƙi wucewa.

Ka zo ta'aziyyar Ummi bayan an share makoki. Ban zarge ka ba, aikinka na asibiti ne ya riƙe ka. Amma ka zauna a falonmu na unguwar Rusaifa a nan Makka, ƙamshin turarenta bai bar labule ba, ka zaro waya kana nuna wa masu gaisuwa ƙauyen Turawa. Ga cocin dutse. Ga rafin da ya raba gari biyu, ga inda injin niƙa yake a da. Ka san annobar da ta cinye rabin mutanensu. Ka san attajirin da ya killace makiyayar talakawa ya zuba tumaki, har kana yabon gidansa, gidan da kai da bakinka ka ce da gumin bayi aka gina shi.

Gwaggo Ladi, ƙanwar Baba, ta tambaye ka sunan garin da kakanmu ya baro ya tako zuwa Makka da ƙafa. Ka yi dariya, ka ce wani wuri ne wajen Katsina. Ta sunkuyar da kai tana jan carbi.

Wai duk shekara kana bin tsofaffin ƙauyen Turawan kuna zagaya iyakar gari don kada a manta da ita. Madalla. Ka ce Makka ba ta bar tarihi ba, sai otal. Gaskiya ne an rushe tsohuwar unguwarmu. Amma mutanenta suna unguwar Zahir da ransu, ba ka leƙa ko ɗaya ba.

Ummi kan ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ni ban bar ka ba. Ni na goya ka a Muzdalifa shekarar da muka taya Baba sayar da shayi, ka yi barci cikin hayaƙin bas-bas.

Gwaggo ta fara rikicewa. Ita kaɗai ta rage da ta san hanyar da kakanmu ya biyo, zango bayan zango. Ka kawo 'yarka Maryam ta ji daga bakinta, ko da sai ka yi musu tafinta.

Allah Ya jiƙan Ummi, Ya tsare min kai, Ya sa ku iske Gwaggo tana gane mutane.

Yayarka,
Hauwa'u