Shinkafar da Ke Bayan Labule

Yaya Mairama,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya Fatakwal, ya yara da babansu? Allah Ya sa kuna lafiya. Sabina maƙwabciyata ce take rubuta mini, ni ina faɗa. Kar ki ce don me ban kira ki ba, in na ji muryarki kuka zai hana ni magana.

Yaya, muna asibiti a Kano, daga Kura aka turo mu. Ɗana Fatihu ne. Yaron da shekaranjiya yake bin agwagi a bakin kanal ɗin ban ruwa, yau hannu ma ba ya iya ɗagawa. Da safe muka tashi yana amai, ni ma kaina kamar zai tsage. Na ce zazzaɓin sauro ne. Na dama masa kunu, na zuba suga da yawa don ya samu ƙarfi, na kwantar da shi a ɗaki na ja ƙofa. Ya sha, wallahi ya sha, amma kamar a ƙasa na zuba. Sai numfashi da sauri da sauri, kamar wanda ya yi gudu.

Likitar mace ce. Ta yi ta tambayata me muka ajiye inda muke kwana. Na ce ba komai sai shinkafa. Kin san ta noman rani da muka casa a inji, rufin shago yana yoyo, sai maigidana, Baban Rahma, ya jera buhunan a ɗakinmu bayan labule. Ya sa musu ƙwayar nan ta ƙwari da ake ce wa bom, kamar yadda kowa yake yi. Taga kuwa kullum a rufe saboda sauro. Da na faɗa sai ta ajiye bironta. Ajiye biron nan ne ya tsorata ni.

Rahma lafiyarta ƙalau, tana wurin Inna a Bunkure tun yaye. Ki taya mu da addu'a, Yaya. Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Fa'iza

Yaya Mairama,

Sallama da gaisuwa. Ya jikin ƙafarki, ya yara? Na san labari ya iso miki, Fatihu ya rasu. An ce kin so tahowa, ki zauna, hanyar da nisa.

Kafin ya cika na riƙe rigar likitar, na ce ta gaya mini, yaron ya ci, ga iska an sa masa a hanci, to me ya rasa? Ta zauna kusa da ni. Ta ce a jikin mutum akwai murahu ƙanana ƙanana, ido ba ya ganinsu, ba sa ƙirguwa. Tuwo da kunu in sun shiga ciki suga suke komawa, jini ya raba wa kowane murhu, iskar da muke shaƙa ta hura, daga nan ƙarfi yake fitowa. Ƙwayar nan in ta ji danshi tiriri take fitarwa, shi yake kashe murahun. Ga itace, ga iska, ba wuta. Jini ya yi tsami, shi ya sa yake haki, zuciya kuma ita ta fara gajiya. Ta ce ba allurar da ke karya shi, sai dai a tallafi jiki. Ƙwari ma haka yake kashe su. Mu manya mun tsira, shi ƙarami ne, kuma tabarmarsa ce a jikin labulen.

Yaya, ni ban san akwai wuta a jikin ɗana ba sai da ta mutu.

Baban Rahma kuwa yana zuwa gona ya zauna a kan kunya, ruwa ya cika fangali ya tsallake, ba ya tashi ya tare. Ba wanda ya ce masa komai, ni ma ban ce ba. Ina kwana ɗakin Sabina, namu na kasa shiga.

An ce shinkafar ba abin da ta yi, in ta sha iska za ta ciyu. Dangi suka shanya ta a tsakar gida. Ita aka dafa ranar addu'ar uku, mutane suka ci suna yi mini gaisuwa. Aka miƙo mini kwano, na karɓa na riƙe har ta huce.

Ki yi masa addu'a. Ki gaida yara.

Taki,
Fa'iza