Akwatin Otho Stroud na Ƙarshe

Alhamis, 3 ga Fabrairu, 2011

Dusar ƙanƙara ta rufe Detroit tun jiya, amma Lem bai fasa zuwa ba. Tun muna samari Alhamis ce ranar jin kiɗanmu, ni da Lemuel Tate. Ya shigo da jiƙaƙƙen takalmi har kan kafet, kamar kullum.

Mun ji fayafayan Otho Stroud, mai busa ƙaho, na ƙuruciya, lokacin da ƙahonsa ke tsaga ɗaki. Da muka gama Lem ya tashi ya tsaya gaban kanta, inda akwatunan fayafayan suke jere, ya ɗora yatsa kan na ƙarshe, wanda har yau yake cikin ledarsa.

"Cornelius, wai sai ranar jana'izarka za a buɗe wannan?"

Na ce ba na buɗewa ba ne.

"Tsoho, kiɗa ka saya ko leda?"

Shi ya jawo wa kansa. Da kamfanin ya fitar da akwatin na gaya masa kaɗan aka buga, ya tsaya jan ƙafa har ya ƙare bai sayi nasa ba. A ciki akwai duk abin da Stroud ya naɗa a situdiyo bayan haɗarin motar da ya zubar masa da haƙora, kuma yawanci ba a taɓa fitar da su ba. Lem ya ce a nan ne mutumin ya fara busa ta gaske. Ni a ganina ƙaho ba ya yiwuwa ba haƙora. Na saya ne don jerin ya cika.

Talata, 15 ga Fabrairu

Vernetta, matar Lem, ta bugo waya da hantsi. Ya faɗi a kicin yana soya ƙwai. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ba ya magana.

Alhamis, 17 ga Fabrairu

Na dafa kofi na mutum biyu. Na zubar da rabi.

Asabar, 26 ga Fabrairu

Na je asibiti. Bakinsa ya karkace, ya rame a wuya. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana tuƙa bas ɗin gari yana zagin kowa ta taga, yanzu ruwa ma sai an ba shi da cokali. Ya gane ni, ina ji. Ido dai ya bi ni.

Tabaransa ya lanƙwashe wajen faɗuwar. Na kawo shi gida na gyara, tunda aikina ne kafin in ajiye shago. Wannan kam na iya.

Laraba, 9 ga Maris

An mai da shi gidan jinya can yamma da gari. Vernetta ta ce likita ya ce kiɗa na taimaka wa irinsu, wani lokaci yakan buɗe baki. Ta kai masa fayafayansa, waɗannan da duk sun ƙoƙe saboda yadda yake yar da su a mota. Ko kallonsu bai yi ba.

Sai ta ce, "Ka san wanda yake so."

Na ce zan duba.

Juma'a, 11 ga Maris

Na buga wa wani mai shagon fayafai a Chicago waya, na buga wa wani a Toronto, ko za a samu wani akwatin da an riga an buɗe. Babu. Na Toronto har dariya ya yi, wai in ina da wanda ba a buɗe ba in riƙe shi da hannu biyu.

Ba rowa ba ce. Abu ne da in an buɗe shi sau ɗaya, shi ke nan. Kuma gidan jinya wuri ne na hannaye da yawa.

Lahadi, 13 ga Maris

Vernetta ta biyo daga coci, da hularta mai fure. Ba ta zauna ba, ba ta cire kwat ba. Ta tsaya tana kallon kantar ta daɗe.

"Ɗan'uwa Abney," ta ce. In ta kira ni haka, ba Cornelius ba, to akwai magana. "Duk Alhamis ɗin duniya nake ba ka aron mijina. Na taɓa cewa ka dawo min da shi a leda?"

Na fara yi mata bayanin lambar da ke jikin akwatin, mai nuna kaɗan aka buga. Ta ɗaga hannu.

"Ban zo roƙo ba. Na zo in gaya maka ba su ce zai tashi ba. In kana lissafin sai ya warke ne, ka daina."

Ta bar min ɗan kwanon wainar masara a kan tebur, ta tafi. Ban san ta faɗa ce ko ta sulhu ba. Na dai ci.

Alhamis, 17 ga Maris

Na kai shi. Na naɗe shi da tawul, na sa a kujerar gaba, na ɗaura masa bel. Da ƙaramar na'urar jin faifai da nake ajiyewa a kicin.

Ɗakin gado biyu ne. A ɗayan akwai wani tsohon ɗan Polan daga Hamtramck, Mista Dombek, wanda ya ƙare ƙarfinsa a masana'antar motoci, yanzu ƙafarsa ɗaya babu. Yana ganin akwatin ya ce, "Wancan ƙaho ne a jikin hoton? Yau mun shiga uku. Ba ku da polka?"

Kiɗan rawar mutanensu yake nufi. Na ce ba mu da ita.

Na zo da reza don in yanka ledar ta gefe guda yadda za a iya mayarwa. Lem ya miƙo hannun hagu ya ja ta, ta yage har ƙasa. Na ninke ta na sa a aljihu, ban san don me ba.

Faifai na farko. Kamar yadda na zata: iska ta fi sauti yawa, yana neman nota, wato daidai amon da yake so, yana kuskure ta. Lem ya rufe ido, yatsun hagunsa uku suna motsi kan bargo, kamar shi ke danna maɓallan ƙahon. Dombek ya ce ya taɓa jin irin wannan ƙarar a bututun gidansa, sai da ya kira mai gyara.

Na dawo da akwatin gida.

Alhamis, 24 ga Maris

Faifai na biyu. Irin waɗannan akwatunan ba sa barin komai, har wuraren da aka fara aka tsaya, da surutun da ake yi a situdiyo. Akwai wata waƙa mai sanyi da Stroud ya yi ta farawa yana kasawa. Kowane karo sai ka ji muryarsa, a dishe: "A sake." Mai ganga ya ce, "Otho, mu huta mana." Ya ce, "A sake." Daga ƙarshe ya kai ta har ƙarshenta.

Da ta ƙare sai Lem ya ce, "A sake."

Ba sosai ya fito ba, amma shi ne. Vernetta na zaune tana saƙa, ta saki zaren. Latrice, ma'aikaciyar jinyar da ke kula da su, ta leƙo ta ce, "Wa ya yi magana? Baba Tate, kai ne?"

Dombek ya ce, "Don girman Allah kada a sake."

Aka sake. Vernetta ta fita waje, ina jin kuka ta je yi. Ni na tsaya ina kula da na'ura, dole wani ya kula da ita.

Asabar, 26 ga Maris

Vernetta ta ce tun ranar yake nuna inda na ajiye na'urar. Na kai akwatin na bar shi can. Na nuna wa Latrice yadda ake riƙe faifai ta baki-baki. Ta ce, "To, Baba Abney," irin "to" ɗin da ake yi wa tsofaffi.

Talata, 29 ga Maris

An ɗora kofin kofi a kan murfin. Zagaye ya fito daidai kan kafaɗar Stroud. Littafin hotunan da ke ciki kuma shafuka biyu sun manne, ina jin miyar tuffa ce, Lem yana ci yana dubawa.

Na tambayi wa ya ɗora kofin. Dombek ya ce, "Ni ne. Teburina ya cika da magani." Ko kunya.

Lem yana kallona, gefen bakinsa mai lafiya ya ɗaga. Dariya yake min. Na san wannan fuskar tun muna makaranta.

Alhamis, 31 ga Maris

Kalmominsa sun ƙaru: "a'a," "Netta," "ruwa." Yau da na tsaya ina goge faifai da ƙyalle kafin in sa, ya tattara ƙarfinsa ya ce, "Leda." Ni yake nufi. Sabon sunana ke nan, har Latrice ta ɗauka.

Muna tafiya a hankali, don duk waƙar da ta yi masa sai ya ce a sake. Akwai wani wuri a faifai na huɗu inda Stroud ya riƙe nota ɗaya yana ta juya ta, tunda ba shi da ƙarfin hawa sama. Ban taɓa jin an yi haka ba. Ba cewa na yi yana da kyau ba.

Alhamis, 7 ga Afrilu

Ciwon huhu ya kama shi. An sa masa abin numfashi, ƙararsa ta rufe kiɗan. Na ce ko in kashe. Dombek ne ya amsa, daga bayan labule: "Bar shi. Ƙara masa murya ma. Yana ji."

Litinin, 11 ga Afrilu

Lem ya rasu da safen nan. Vernetta na wurin.

Na wanke mota.

Asabar, 16 ga Afrilu

Jana'iza a cocinsu. Tsofaffin direbobin bas sun zo da hulunansu na aiki, su suka ɗauki akwatin gawar. An ce in yi magana, na ce muryata ba daɗi. Bayan an dawo an ci kaza da ganye da makaroni a ɗakin ƙasa na cocin, mutane suna ta ba da labarin zage-zagensa suna dariya.

Vernetta ta riƙe min hannu ta ce, "Na gode, Cornelius." Ta ce fayafayansa na nan a kwali, in zo in ɗauka. Duk ina da su, kuma nawa sun fi lafiya. Na ce zan zo.

Alhamis, 21 ga Afrilu

Na je ɗauko akwatina. An cire zanen gadon Lem, katifar a buɗe. Dombek na zaune a keken guragu yana fuskantar taga, an yi masa aski.

Na yi masa sannu, na fara haɗa fayafayan. Duk suna nan, ɗaya ya samu ƙarzuwa.

"Ina za ka da shi?" ya ce.

Na ce gida.

"Ba mu ji na ƙarshen ba."

Na ce ai ya ce kiɗan bututu ne.

"Har yanzu bututu ne. Amma mutum ya sha wahala ya ji duk waɗancan, a hana shi ƙarshen? Zauna, mutumina. Ina za ka? Wa ke jiranka?"

Ba wanda ke jirana, gaskiya ce. Na zauna a bakin katifar, na sa.

Faifan ƙarshen shi da mai fiyano ne kawai. Gajere ne. Waƙar ƙarshe bai ma gama ta ba, ya tsaya a tsakiya, ana jin numfashinsa, sai ya yi 'yar dariya ya ce, "To, ya isa haka." Daga nan shiru.

Dombek ya juyo da kekensa. Sai ya ce wai da safe Lem yakan buga ƙarfen gado da zobensa, shi kuma ya tura kekensa ya je ya kunna masa. Ashe shi ke sa masa faifan duk ranakun da ba na nan. Ya ce tun da aka kawo shi gidan, Lem ne maƙwabcin gado na farko da bai dame shi da surutu ba. Ya face hanci da hannun riga.

"Da yana da haƙora ya fi haka?" ya ce.

Na ce daban ne.

"Kana da na lokacin haƙoran?"

Na ce ina da su duka.

Alhamis, 28 ga Afrilu

Na kai masa akwati na farko, na lokacin ƙuruciyar, don kawai ya ji bambancin. Ya ce wannan ya cika iyayi, ya fi son mara haƙoran. Mun yi gardama har Latrice ta ce mu rage murya, akwai masu barci.

Da zan tafi ya jawo aljihun teburinsa ya miƙo min wani faifai ba murfi, duk shatin yatsu. Polka ce, wai ta ƙungiyar da ta yi kiɗan bikinsa. "Ka je ka ji kiɗa na gaske. Ka dawo min da shi ranar Alhamis, ba kyauta ba ce."

Akodiyan ne, abin kiɗan nan da ake ja ana matsewa, daga farko har ƙarshe, da wani yana ihu. Ba kiɗa ba ne.

Na ji shi sau biyu, don in san abin da zan ce masa.