Surukina Ya Ɗaure Wayar Hoto

Hajiya Jummai, don Allah ki cece ni kafin Lahadi, kaina ya ɗauki zafi.

Shekara uku ina bida, wato ci-rani, a Abija. Na dawo Tawa da tele babba, da dekoda, da ampili mai ƙara murya, da bafal biyar, wato lasifika. Ranar da na kwance kwalaye sai ga surukina daga Bambeye ya zo ganin likitan ido. Na fita neman tsani, ina dawowa na tarar ya zauna tsakiyar wayoyi, ya naɗe hannun riga. Wai tun zamanin rediyo mai batir shida shi ke gyara wa garinsu.

Hajiya, wayoyin murya, ja da fara, ya sa su daidai, ban hana mashi ba. Amma mai ruwan ɗorawa, wadda ita ke kai hoto, ya ce rara ce. Ya tattara sauran wayoyin ya ɗaure su da ita tamau, ɗaurin damin hatsi. Yanzu murya har bayan kasuwa, awakin maƙwabta sun bar kwana gindin katangarmu, tele kuwa baƙa ƙirin. Kuma ya gaya wa duk wanda ya zo gaishe shi cewa aikinsa ya yi, ni ne aka cuta a Abija.

Minti guda ya ishe ni in gyara. To yaya? Mutumin da ban taɓa cin abinci gabansa ba, ko sunansa ban faɗi! Tabarmarsa na gaban tele, in ya tafi masallaci tare muke tafiya. Jiya na tashi da sanɗa, ya yi gyaran murya, na ce tsintsiya nike nema. Ni da tsintsiya!

Lahadi za a yi kokowar ƙarshe, na gayyaci mutum ashirin tun ina Abija. Wallahi raina ya ɓaci. In na kwance ɗaurin na kunyata tsoho, in na bari na zama abin dariyar unguwa.

Mai Baƙar Tele, Tawa

Ɗana, na yi dariya har shayi ya sarƙe ni, ka yi haƙuri. Kunyarka tana kan hanya, kada ka yar da ita saboda waya. Shi ma tsohon ba mugunta ya yi ba. Ya ga mijin 'yarsa ya kawo abin alfahari, ya so a ce da hannunsa ciki. Amma kai ma da laifinka: wa ya ce ka gayyaci mutum ashirin tele na cikin kwali?

Kada ka taɓa ɗaurin a ɓoye, zai gane. Ka manta kana da mata? Abin da suruki ba ya iya faɗi, 'ya tana faɗinsa tana dama fura. Ta sami igiya mai kyau ta kai masa, ta ce ta ga waccan za ta tsinke. In ya kwance, ta nuna masa ramin nan mai ruwan ɗorawa a bayan tele da na bayan dekoda, ta tambaye shi ko na mene ne. Shi zai sa da hannunsa. Kai kuwa ka tafi neman tsintsiyarka.

Ranar Lahadi zai gaya wa mutum ashirin cewa ba don shi ba, da ba ka iya komai ba. Ka sunkuyar da kai ka ce haka ne, ka kalli kokowarka. Allah ya ba shi lafiyar ido, ya bar ku tare.