Zanen Hular Yakaka

Azare, ranar Talata

Zuwa ga uwargida Zinatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ya mai jiki? Allah ya ba Inna lafiya, ya ba ki ladan jinya. Ki gaishe min da mutanen Katagum. Ni lafiya lau, sai tuwon waje da nake ci, wanda ba zan ba ki labarinsa ba don kada kanki ya kumbura.

Kin san an damƙa min unguwarmu in nemo wa Honorabul ƙuri'a. Maza ba su wahalar da ni ba. Mata masu ɗinkin hula ne suka tsaya min a wuya, kuma ba wadda za ta motsa sai maƙwabciyarmu Yakaka ta motsa. Ban ga laifinsu ba. Tun da hular inji ta ƙasar waje ta cika kasuwa, hular da mace ta ƙare idonta a kai sai dillali ya taya ta kamar albasa.

Da na shiga gidanta ta tarbe ni yadda ta saba, wai ga siririn bawanta Bafillace ya bar roƙon fura ya koma roƙon ƙuri'a. Na ce na zo duba baiwata Babarbariya ne. Da muka gama wannan na shaida mata Honorabul zai tsaya a majalisa a ɗora wa hular waje haraji. Ta ce duk haka suke faɗa, da hular wajen a kansu.

Nan dabara ta zo min. Na roƙe ta hular nan mai zanen da ta gada wurin mahaifiyarta a Borno, wanda dillalan Kano ke tasowa takanas dominsa, don shi kaɗai inji bai taɓa ba. Na ce Honorabul zai sa ta ranar babban taro, kowa ya ga inda ya tsaya. Ta daɗe tana kallona kafin ta ɗauko. Ta ce don ni ta bayar, ba don shi ba. Na miƙa wa Yunusa, daraktan kamfen, da hannuna.

Ki taya ni addu'a. Naki,
Bappayo

Azare, ranar Lahadi

Zinatu,

Sallama da gaisuwa. Na ji daɗin jin Inna ta fara zama da kanta. Ki yi haƙuri da shirun da na yi watannin nan. Yau ma da kyar na ɗauki biro.

Jiya aka yi taron. Ni na tattaro matan, Yakaka a gaba, ta sha turare kamar mai zuwa biki. A bakin fili ana ta raba huluna daga cikin kwalaye, wani ya cire tawa ya kafa min sabuwa a ka. Ina ta fama da neman kujeru, ban ko duba ta ba. Sai da na ga Yakaka ta tsaya cak tana kallon kaina, sannan na cire na duba. Zanenta ne, Zinatu. Inji ya buga shi a kan wani yadi mai santsi, an liƙa hoton Honorabul a gefe. Na ɗaga ido, duk filin shi ne, kan 'yan acaɓa, kan masu rake, har ƙasa ana takawa.

Honorabul ya sa ainihin hular Yakaka, ya cika alkawari. Ya ma yi maganar harajin, aka yi tafi. Kafin ya gama matan sun watse.

Na tare Yunusa raina a ɓace. Ko a jikinsa. Ya ce hular ce ta burge su, suka tura hotonta waje aka bugo, wai ai talla suka yi mata kyauta, kuma matan Azare duka ba za su iya ɗinka wa taro guda ba. Abin da ya fi cin raina, na kasa ƙaryata shi gaba ɗaya. Na ga samarin da ba su taɓa mallakar hula mai kyau ba suna ta gyara zamanta a madubin babur. Ni kaina takalmin da ke ƙafata na waje ne, don shi na iya saya. Amma ni na shiga gidan tsohuwar nan na roƙo, kuma ban tambayi kowa inda hular za ta kwana ba.

Naki,
Bappayo

Azare, ranar Alhamis

Uwargida,

Ina gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya, Inna kuma sauƙi na ƙaruwa.

Kin ji sakamako a rediyo, mun ci, har da akwatin unguwarmu. Ana ta zuwa yi min barka. Dillalin Yakaka kuwa ya dawo mata da hulunan da ya karɓa, wai ba mai kuɗin da zai sa abin da ake kira hular kamfen. Honorabul ya ce in same shi a Abuja mu duba maganar. Lambarsa ba ta shiga.

Na je ba Yakaka haƙuri. Na shirya ta zage ni, wallahi da na ji sanyi. Sai ta sa aka shimfiɗa min sabuwar tabarma, aka kawo ruwa a kofin baƙi, ta gaishe ni cikin ladabi, ta tambayi jikin Inna. Ta ce ba komai, ta yafe. Na yi ƙarfin hali na ce baiwata ta tsufa, ko fura ba ta iya bai wa ubangidanta. Tun ina saurayi ban taɓa jefa mata irin wannan ta bar ta ta faɗi ƙasa ba. Ta ce in yi haƙuri, furar ta ƙare.

Da zan fita ta rako ni har zaure, abin da ba ta taɓa yi ba, ta yi min barka da nasara. Malam Bappayo ta kira ni.

In Inna ta samu sauƙi ki dawo, ko ke za ta yi wa wasa. Ni dai kullum da safe ina wucewa ta ƙofarta a hankali, ko Allah zai sa ta kira ni bawa.

Mijinki,
Bappayo